Hannun Mai Walda

Ranar da Zulaihat ta fara ganin Salahuddeen, ba ta ga fuskarsa ba sam. Wani baƙin murfi mai gilashi ta gani, da mutum a bayansa ya sunkuya kan ƙarfe, tartsatsin wuta na zuba a gaban takalmansa.

Ta tsaya a bakin ƙofar sashen walda, rungume da ƙafar keken ɗinkinta da ta tsage. Malamar ɗinki ce ta turo ta a liƙe mata. Ta yi sallama, ƙarar inji ta cinye sallamar. Sai kawai ta zuba wa shuɗiyar wutar nan ido, don wallahi ta ba ta sha'awa.

"Ke! Kauda idonki!"

Ya kashe injin ya ɗage murfin. Saurayi ne siriri, baƙi, gumi ya wanke masa fuska, ga ɗan tabon ƙuna a haɓarsa.

"Tun yaushe kike kallon wutar nan?"

"Yanzun nan na zo," in ji ta. Ƙarya take, ta fi minti uku a tsaye.

"To Allah Ya sa. In da yamma kin ji kamar an zuba maki yashi a ido, ki ɗora tsumma mai sanyi. Kada ki murza."

Ta harare shi, ta ajiye ƙarfen ta juya. A ranta ta ce wannan ko gaisuwa bai iya ba, sai tsawa.

Aikuwa kafin magariba idanun suka ɗauki raɗaɗi. Kwana biyu ta yi a ɗaka tana zubar da hawaye ba tare da an yi mata komai ba. Da ta koma makaranta a rana ta uku, sai ta tarar da kekenta a tsaye daram, ƙafar ta haɗe, har an shafa mata baƙin fenti. A gefen teburin an rubuta da alli: "Sannu da ido. Laifina ne da ban tura ƙofa ba."

Ta goge rubutun da gefen mayafinta kafin 'yan ajin su gani. Murmushin ne ta kasa gogewa har aka tashi.

Cibiyar koyon sana'ar nan tana wajen ganuwa, in ka fita ta Ƙofar 'Yandaka. Zamanin soja ta yi shekaru a kulle, awaki ke kwana a azuzuwanta. Da farar hula suka dawo aka yi mata fenti, aka kawo injuna, aka ce matasa su zo su koyi aikin hannu. Sun zo ɗin. Amma a Katsinar wancan lokaci, in ka ce a can kake karatu, sai a karkata kai a ce, "Allah sarki, bai samu jami'a ba."

Salahuddeen ya sha wannan Allah-sarkin har ya ƙoshi. Ɗan malamai ne daga Ƙofar Durbi. Mahaifinsa ya rasu yana aji biyar na sakandare, ya bar shi da mahaifiyarsa su biyu a gida. Abokansa duk sun wuce Zariya da Sakkwato. In sun dawo hutu sukan zauna a dakalin unguwa suna zancen lakca da aluta, wato gwagwarmayar ɗalibai, shi kuma yana gefe yana ɓoye faratansa da suka yi baƙi. Tun ana tsokanarsa har aka daina, wanda ya fi tsokanar ciwo. Daga baya shi ma ya daina zuwa dakalin.

Abin da bai taɓa gaya wa kowa ba, shi yana son aikin nan. Yana son lokacin da ƙarfe biyu suka narke suka zama ɗaya a ƙarƙashin hannunsa. To amma wa zai gaya wa?

Ita ma Zulaihat ba ta da abokiyar hira. Fulani ne da suka daɗe da zama a bakin gari, mahaifinta Malam Dabo dillalin shanu ne a kara, kasuwar dabbobi. Mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama, kakarta Inna Mairama ce ta raine ta. Yayyenta mata duk suna gidajen mazajensu. 'Yan ajin ɗinki kuwa 'yan birni ne, suna ce mata 'yar rugga, duk da ko tatsa ba ta iya ba.

Akwai wata bishiyar bedi tsakanin sashen ɗinki da na walda. Da can kowannensu yakan ci abincinsa shi kaɗai, ita a bayan aji, shi a kan tsohuwar taya. Bayan maganar ido, ba a san wanda ya fara ba, sai ga su a inuwar bedin, ita a wannan gefe na benci, shi a wancan, tsakaninsu tazarar mutum uku.

"Har yanzu kina jin haushina?"

"Ina ji mana. Mutum bai san ka ba ka daka mashi tsawa."

"Da na tsaya gaisuwa ai da yanzu jagora ake yi maki."

Ta kai mayafi baki tana dariya. Daga ranar ta sa masa suna Mai Walƙiya. Shi kuma ya ce Zulaihat ya yi masa tsawo a baki, Zulai zai riƙa cewa.

Shekarar ce wayar hannu ta fara yawa a gari. Malam Dabo ya sayi ɗaya saboda cinikin shanu, amma kira kawai ya sani, Zulaihat ke karanta masa saƙo da sa masa caji. Salahuddeen ma ya yi wa wani gida tagogi ya sayi tsohuwa mai fasasshen gilashi. Tsakanin magariba da isha'i, in Malam Dabo ya tafi masallaci, sai wayar ta yi ɗan ƙara a ƙarƙashin matashi.

"Zulai, yau na liƙa ƙofa huɗu, Malam Sada ya dake su da guduma ko ɗaya ba ta ɓalle ba. Ke na fara gaya wa. Ki goge kafin Baba ya dawo."

Malam Sada shi ne malamin walda, tsoho mai faɗa, wanda ba ya yabon ɗalibi sai dai ya yi shiru.

Ta mayar masa: "Barka, Mai Walƙiya. Ni kuma rigar da na ɗinka yau hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ka nemo mani mutumin da za ta yi wa daidai."

"Ni za ta yi wa. Zan riƙa karkacewa."

Haka suka yi wata takwas. Da Salahuddeen ya shiga zangon ƙarshe na shekararsa ta uku, ya roƙi Malam Sada da wani kawunsa suka je gaida Malam Dabo, aka gabatar da magana. Malam Dabo ya karɓe su da fara'a, don ya san marigayi mahaifin yaron, ya taɓa bin sa salla. Ya ce su ba shi kwana biyu ya shaida wa tsohuwa, mahaifiyarsa.

Inna Mairama tana dama fura a tsakar gida lokacin da Malam Dabo ya durƙusa ya faɗa mata. Zulaihat na ɗaki ta kasa kunne.

"Mi yaron yake yi?"

"Walda yake koyo, Inna."

"Mi ye walda kuma?"

"Liƙa ƙarfe ne da wutar lantarki. Su ke yin ƙofofi da tagogi."

Ludayin ya tsaya cak. "Wuta da ƙarfe? Dabo, maƙeri za ka ba ɗiyata?"

"Haba Inna, ɗan malamai ne. A makaranta ya koya."

"Ko a Makka ya koya! Wanda ya narka ƙarfe ya ci tuwo da shi maƙeri ne. Tun kakannin kakanninmu ba mu haɗa jini da su. Gidan da aka yi haka nono ba ya auki, shanu su bi daji ɗaya bayan ɗaya. Ina raye ba za a fara a kaina ba."

Malam Dabo ya haura shekara sittin, amma bai taɓa ɗaga murya a gaban uwarsa ba. Ya ce to, ya tashi. A ɗaki Zulaihat ta cusa fuska cikin matashi don kada a ji kukanta.

Mutumin kirki ne Malam Dabo, sai ya shiga neman mafita. Akwai wani Abba, ɗan abokinsa, wanda siyasa ta ɗaga, yana tare da ciyaman a sakatariyar ƙaramar hukuma, har ya yi mota. Da Malam Dabo ya kai masa kuka, Abba ya ce ai abu mai sauƙi ne, akwai gurbin masinja a ofishinsu. Abin da tsohon bai sani ba, shi kansa Abban ya daɗe da sa ido a kan Zulaihat. Lissafinsa shi ne, wace yarinya za ta zaɓi mai ɗauko fayil ta bar wanda ake ɗauko wa?

Malam Dabo ya kira Salahuddeen zaure.

"Ɗana, ni ba ni da ja a kanka. Tsohuwa ce, kuma ƙarfen nan ne matsalarta. In ka ajiye shi ka riƙe takardar gwamnati, ba ta da ta cewa. Amma maganar nan ta tsaya tsakaninmu maza har komai ya kankama."

Saura mako bakwai jarrabawar ƙarshe ta gwajin hannu, wadda ita ce ke ba mutum takardar shaida. Dokar cibiyar kuma a fili take: wanda ya yi mako huɗu bai shiga ɗakin aiki ba, ba zai zauna jarrabawar ba, shekara ukunsa ta tafi a banza. Salahuddeen ya san wannan sarai. Ya dubi hannuwansa, ya tuna bencin nan na ƙarƙashin bedi.

"Na amince, Baba."

Ranar Litinin Zulaihat ta zauna a gefenta na benci har aka kaɗa ƙararrawa, bai zo ba. Talata ma haka. Ta leƙa sashen walda, ta ga murfin fuskarsa rataye a ƙusa. Da yamma ta tura saƙo.

"Lafiya? Kwana biyu ban gan ka ba. Ko Iyarka ce ba lafiya?"

Amsar ta daɗe kafin ta zo. "Lafiya lau, Zulai. Wani ɗan aiki nake saboda mu. Ki yi haƙuri, zan yi maki bayani."

Saboda mu! Ta karanta ya fi sau goma. Ita dai abin da ta fahimta, maganar Inna ta kai masa, ya ji zafi, yana janye jiki a hankali don kada ya faɗa mata baki da baki. Ba ta sake tura saƙo ba. Shi kuma da ya ji shiru, ya ɗauka fushi take, ya ce bari ya daure har albashin farko ya fito ya je da hujjarsa a hannu.

Wayyo, makonnin nan sun yi tsawo. Ta koma cin abinci a bayan aji. In injin walda ya tashi a can sashen, sai ta ji ƙafarta ta tsaya a kan keke, alhali ta san ba shi ba ne.

A mako na huɗu Abba ya faka mota a ƙofar gidansu ya aika a kira ta. Ta fito don kunyar mahaifinta, ta gaishe shi daga nesa. Ya yi ta zuba, zancen ciyaman, zancen kwangila, ita tana kallon ƙasa. Da ya ga ba ta kula shi ba sai ya saki abin da ke cikinsa.

"Af, mai waldar nan naki ai yanzu yarona ne. Shi ke ɗauko mani fayil. Yana da ladabi, ba laifi."

Ta ɗago kai. "Wane mai walda?"

"Salahu mana. Ya bar makarantar. Baba bai gaya maki ba?"

Ko sallama ba ta yi masa ba ta shige gida.

Washegari ba ta je aji ba, ta hau acaɓa sai sakatariya. Ta same shi a wani dogon baranda, zaune kan benci shi kaɗai, sanye da farin yadi da hula. Babu fayil, babu komai, ƙuda kawai yake kora. Faratansa sun yi fari tas. Ganin haka sai hawaye suka ɓalle mata.

Ya miƙe a firgice. "Zulai! Mi ya kawo ki nan?"

"Wa ya ce ka yi wannan?"

"Don in same ki ne. Babu wata hanya."

"Ka tambaye ni? Ni da ka yi domina, ka tambaye ni?" Ta share fuska da mayafi. "Kwana nawa ke nan rabonka da ɗakin aiki?"

"Ashirin da biyar."

"Saura uku a rufe maka ƙofa. Salahuddeen, dube ni. Kana jin daɗin zaman nan?"

Ya ce a hankali, "Wallahi kullum in na zauna a nan ji nake kamar an ɗaure ni. Amma rashinki ya fi."

"To ni ba zan iya ba. In na aure ka a haka, kullum ka dube ni da safe za ka tuna abin da na raba ka da shi. Yau ba za ka faɗa ba, amma wata rana za ka faɗa, ko ka haɗiye ya cinye ka. Ni mai walda na ce ina so. Ka koma."

"In na koma Inna ba za ta ba ni ke ba."

"Na sani." Ta juya za ta tafi. "Ka koma duk da haka."

Da safe Malam Sada ya ɗaga kai ya ga Salahuddeen tsaye a bakin ƙofa cikin tsohuwar rigar aikinsa. Tsohon bai tambaye shi inda ya shiga ba. Ya jefa masa safar hannu ya ce, "Hannunka ya yi laushi kamar na amarya. Ɗauki ƙarfen can ka fara daga farko."

Da la'asar Salahuddeen ya je ya durƙusa gaban Malam Dabo ya mayar da takardar ɗaukar aikin.

"Ka san abin da ka zaɓa, ɗana?"

"Na sani, Baba. Ku yafe mani wahalar da na ba ku."

Malam Dabo ya daɗe yana juya takardar. Ya ce Allah Ya zaɓa abin da ya fi alheri.

Tun da babu izini, Salahuddeen ya ce ba zai ci amanar gidan ba. Saƙo ɗaya ya tura: "Zulai, ba zan ƙara turo saƙo a wayar Baba ba, tunda ba a ba ni ba. Ban daina ba, ba kuma zan daina ba. Ki riƙa cin abinci." Daga nan ya yi shiru. Suna makaranta ɗaya, suna hango juna daga nesa, bencin bedi ya koma wurin kwanciyar awaki. Abba ya sake zuwa sau biyu, ta aika a ce masa ya yi haƙuri, daga nan bai ƙara dawowa ba.

Inna Mairama tana da taurin kai, amma ba makauniya ba ce. Ta ga jikarta ta rame, ta daina tsokanarta, fura ma sai ta kurɓa sau biyu ta ture. Abin ya dame ta ƙwarai. A ganinta yarinyar ruɗin makaranta ne ke ɗibarta, shi ya sa take musun cewa yaron maƙeri ne. In ta ji daga bakin maƙeran da kansu, za ta haƙura.

"Ɗauki mayafinki," in ji ta wata Asabar. "Mu je wurin Mati."

Mati tsohon maƙeri ne a cikin birni, shekara arba'in shi ke yi wa gidansu Inna wuƙaƙe da gatari. Suka same shi a rumfarsa gaban wuta, yana dukan bakin fartanya. Aka yi doguwar gaisuwa, aka tambayi gida da shanu da ciwon ƙafa. Sannan Inna ta gyara zama.

"Mati, tambaya na zo yi, ka faɗa wa yarinyar nan gaskiya. Masu waldar nan na makaranta, ba naku ba ne?"

Mati ya ajiye guduma kamar an zage shi.

"Namu? Su wa? Waɗannan masu ɓoye fuska a bayan gilashi? Mairama, kin zo har rumfata ki ci mani mutunci? Uban wane a cikinsu ya taɓa jan zuga-zugi? In aka ɗauke lantarki ai zama suke su naɗe hannu! Ƙira gado ce, ba a koyonta da alli a allo. Yaron na da hannu ko ba shi da shi, wannan daban. Amma ba namu ba ne, ko kusa."

Tirƙashi! Zulaihat ta sunkuyar da kai tana danne dariya da kuka a lokaci ɗaya.

Mati ya dube su ɗaya bayan ɗaya, sai ya gane inda tambayar ta dosa. Fuskarsa ta canza.

"Au, aure ne? Wato da na ce namu ne, da kin hana." Ya ɗauki awartaki ya juya ƙarfen cikin garwashi. "Mairama, askar da aka yi wa yarinyar nan aski ranar suna, ni na ƙera ta. Wuƙar da aka yanka ragon, ni ne. Gatarin da mijinki ya yi ta sassabe da shi har ya koma ga Allah, daga rumfar nan ya fita. Shekara arba'in kuna ci daga hannun nan, shanunku ba su watse ba. Ashe duk gaisuwar da kike yi mani, a ranki ni abin gudu ne."

Bai ɗaga murya ba. Ya ci gaba da dukan fartanyarsa, bai ƙara dubansu ba.

Inna ta ja jikarta suka koma gida. Kwana uku tana jan carbi a ƙofar ɗakinta, ko faɗan kaji ba ta yi.

Ranar jarrabawa, mai gwajin da aka turo ya ɗaure aikin Salahuddeen ya dake shi da guduma har ƙarfen ya lanƙwashe, wurin liƙin bai tsage ba. Malam Sada ya juya baya yana gyaran murya. Salahuddeen ya fito da sakamako mafi kyau a sashen, ya tsaya a harabar makaranta, ya rasa wanda zai fara gaya wa. Yana nan tsaye wayarsa ta yi ƙara. Malam Dabo ne da kansa, ya ce tsohuwa na son ganinsa.

Ya same ta kan tabarma a tsakar gida, Malam Dabo na gefe. Ya durƙusa nesa ya kwashi gaisuwa.

"Na je wurin maƙera," in ji Inna. "Sun ce kai ba nasu ba ne."

Ga ƙofa a buɗe, abin da ya rage ya ce haka ne ya shige. Zulaihat na bayan labule tana roƙon Allah Ya sa Salahuddeen ya kama bakinsa. Amma ina!

"Inna, su suka san wanda suke ƙirgawa a nasu. Ni dai ba zan ruɗe ki ba. Da wuta da ƙarfe nake aiki, da su zan ciyar da ita, kuma ba zan sake ajiyewa ba. In don an ce ni ba maƙeri ba ne za a ba ni, gobe za ki gan ni da baƙin hannu ranki ya ɓaci."

Malam Dabo ya runtse ido. Inna ta dubi yaron.

"Kai dai ba ka iya neman aure ba," ta ce. "Mati magana biyu ya gaya mani. Ta farkon dariya ta ba ni daga baya. Ta biyun ce ta hana ni barci. Na tsufa ina gudun mutanen da ban taɓa ganin sharrinsu ba, don kawai na ji iyayena na faɗa." Ta juya wajen ɗanta. "Dabo, ka ba shi. Kuma goron farko, ka kai wa Mati da hannunka."

Wani sauti ya fito daga bayan labule, ba a san ko kuka ba ne ko dariya.

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Dabo. Malam Sada ya zauna kusa da kawun ango yana ta faɗan an tsuke masa wuri. Mati ya zo cikin babbar riga, Malam Dabo ya tashi ya ba shi gefen dardumarsa. Abokan dakali ma sun zo, har ɗaya ya ja ango gefe yana tambaya ko zai yi wa gidansu ƙofa. Kayan fitar amarya kuwa ita ta ɗinka abinta, kuma hannuwan sun zo daidai.

Da yamma, kafin a tafi da amarya, ango ya shigo sallama da tsohuwa. Zulaihat na gefenta a lulluɓe tana sheshsheƙa.

"Matso," in ji Inna. "Miƙo hannun."

Ya miƙa duka biyun. Ta kama su ta juya, ta bi tabon ƙuna da kantar da ke tafin da yatsanta. Sannan ta jawo hannun jikarta mai lalle ta ɗora a kai, ta haɗa ta riƙe.

"Ga ta nan. Marainiya ce, kai ma maraya ne, kada wanda ya ƙara barin wani ya ci abinci shi kaɗai. Allah Ya yi wa hannun nan albarka. Allah Ya sa ku ga jikokinku, Ya ba ku haƙurin zama da juna."

Aka amsa da amin daga ko'ina a tsakar gidan. Salahuddeen ya kasa ɗago kai, hawaye na ɗiga a kan babbar rigarsa.

Inna ta saki hannun ta ɗan ture shi.

"To ya isa, tashi, kada ka jiƙa mani tabarma. Kuma ƙyauren garken can ya ɓalle tun bara, maruƙa na fita. In ka gama angwancin, ka zo mani da injin naka har cikin gida."